Canjin salansar ƙaramar jif: abin da aka ce a majalisa

Jiya da la'asar a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura aka tayar da maganar kuɗin salansar RAV4, wato ƙaramar jif ta Toyota, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Yawanci sun ce kada a yi gaggawar sayen sabuwa: in huda ce kawai, mai walda zai like ta da kuɗi kaɗan. In tsatsa ta cinye bututun, a nemo na Beljiyam, a raba kuɗin kaya da na aiki tun farko.

Tsadar tana wajen katalis, wato matatar hayaƙi da ke jikin bututun salansa, wanda makanikai ke kira indomi, saboda filatinam, ƙarfe mai daraja, da ke cikinsa. Wani dattijo ya ja kunne: a tsaya a gareji har a gama, don ana zare katalis ɗin.