Batir a Aljihun Wa

Ɗan Gidan Liman:
Daren jiya na sake kallon kashi na 5 na zango na 3 na shiri mai dogon zango Better Call Saul, wanda tashar AMC ta Amurka ta nuna a 2017. Har yanzu raina bai kwanta ba. Wanda ya kalla ya amsa mini da baiti.

Cak shi ne wa, Jimi ne ƙaninsa,
Lauyoyi biyu daga ciki ɗaya.
A Albukarki Cak ya ce lantarki na ƙona shi,
Ya yanke wutar gida, ya bar taɓa waya.
Jimi ya ɗauke takardun banki da dare,
Lambar adireshi 1261 zuwa 1216 ya juya.
Don aikin bankin Mesa Verde ya koma hannun Kim, lauya abokiyarsa,
Wan ya sha kunya a idon duniya.
Cak ya ɗana tarko da kaset a ɓoye,
Ƙanen ya buɗe baki ya faɗi gaskiya.
Da Jimi ya gane, ya ɓalle ƙofa ya fasa kaset,
Ƙungiyar lauyoyi ta kira shi tambaya.
Ran zama aka kashe fitilu don Cak,
Ashe Huwel, yaron Jimi, ya yi karo da shi a hanya.
Ya zura masa batir mai caji a aljihu,
Awa 1 da minti 43 yana lafiya.
Ni kam na ce Jimi ya ci amanar nono,
Mai tsiraita wansa ba ya da kunya.

Uwar Tagwaye:
Malam, ka kama reshe ka bar tushe,
Ka tambaya wa ya yi jinyar shi.
Ƙanƙara, jarida, man fitila, cefane,
Jimi ne kullum ke kai wa gidan shi.
Da rana yana raba wasiƙu a ofishin wan,
Da dare karatun lauya, ba mai ganin shi.
Ya ci jarrabawa ya zo da murna,
Wan ya sa Hawad, abokin aikinsa, ya ƙi ɗaukar shi.
Ya daɗe yana zargin Hawad da ƙiyayya,
Ashe mai saran yana cikin jinin shi.
Ɗan da aka rufe wa ƙofar gaba,
Don ya bi ta taga har a zarge shi?

Ɗan Gidan Liman:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba,
Amma kiran Rebeka bai dace ba.
Matar Cak da suka rabu, ya ɓoye mata ciwon,
Don bai so ta gan shi a ƙasa ba.
Jimi ya san nan ne ƙurjin yake,
Ya danna shi, bai tausaya ba.

Tsohon Akawun Kotu:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki,
Na ga irin wannan, aikina ne.
Zaman nan ba na aikawa kurkuku ba ne,
A ƙwace lasisi ko a bar shi, batun ke nan ne.
Fasa ƙofa Jimi ya riga ya amsa,
Abin da ya rage, zancen kaset ne.
Shi da Kim suka ce abin da aka naɗa
Lallashin mara lafiya ne.
To dole su nuna ciwon ba na jiki ba,
A cikin ƙwaƙwalwa yake, batir shaida ne.
Da Cak ya zaro shi, sai ya tashi da faɗa,
Ya zazzage ƙullin da ya daɗe a zaune:
Da dabarar allon talla, da kuɗin shagon iyayensu
Da ya ce ƙanen ya ɗiba yana yaro ne.
Ya ce 1216 ba za ta ɓace masa ba,
Bayan Magna Carta, yarjejeniyar Ingila ta 1215, da shekara guda ne.
Abin da ya fi ci mini rai, 'ya'yana,
Zancensa kan lambar nan daidai ne.
Amma ƙiyayya ta riga hujja fitowa,
Kowa a ɗakin ya ɗauka ruɗu ne.
Na sha ganin mai gaskiya ya faɗi a kotu,
Fushinsa ya kayar da shi, ba lauya ne ba, shi ne.
A kashi na gaba aka yanke hukunci,
Dakatar da Jimi wata 12 ne.

Uwar Tagwaye:
Baba, ka taɓa ni, na sassauta,
Cak ma abin tausayi ne a ranar.
Amma ka dubi fuskar Jimi da kyau,
Ba ta mai murna ba ce da nasarar.
Ya ce ba shi da sauran tambaya,
Ya san wa ya biya kuɗin dabarar.

Ɗan Gidan Liman:
Hajiya, ni idona na kan Cak,
Da ya ga kowa ya yi shiru ya dube shi.
Muryarsa ta mutu, ya ɗaga kai sama,
Fitilar ƙofar fita na ƙara a kan shi.