Me ya raba kayanmu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal?

Ɗan Jekadafari, Gombe:
Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan gini, kuma duk kwantenar da muka haɗa kuɗi muka yi odarta, a tashar Apapa ko Tin Can da ke Legas take sauka, sannan tirela ta shafe kwanaki a hanya kafin ta iso mana, kuɗin dako ya cinye rabin ribar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yakan ce a zamaninsu a tashar jirgin ƙasa ta Gombe ake loda dilolin auduga a tarago, su nufi Fatakwal. Ina roƙon masana su bayyana mana asalin wannan tasha da dalilin da ya sa muka juya mata baya.

Malam Mai Tarihi, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Mahaifinka ya faɗi gaskiya, Alhaji. Kwal ne ya haifi Fatakwal, domin bayan an gano shi a yankin Inugu a 1909, Turawa sun nemi gaɓar da jirgin ruwa zai iya tsayawa, suka zaɓi wani wuri a bakin kogin Bonny. A 1913 Gwamna Lugga ya raɗa wa garin sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila, kuma a 1916 layin dogo ya haɗa shi da Inugu. Daga nan layin ya miƙe arewa ta Makurɗi da Kafanchan, kuzar Jos ta samu hanyar fita.

Mu kuwa rabonmu ya zo a makare, sai da aka ja reshe daga Kuru da ke kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, ya ratsa Gombe, ya tuƙe a Maiduguri a 1964. Ba a jima ana cin moriyarsa ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, hanyar ta toshe, 'yan kasuwa suka karkata Legas, kuma a ganina tun daga lokacin ba mu sake komawa da gaske ba.

Tsohon Direba, Azare:
Malam, Allah ya ƙara basira, amma ba yaƙi kaɗai ba ne. Tashar tana can cikin kogi, nesa da teku, kuma idan ba a yashe hanyar a kai a kai ba, manyan jiragen kwantena na yanzu ba sa iya shiga da cikakken lodi. Ga fargabar 'yan fashin ruwa, wadda ke sa kamfanoni ƙara kuɗin inshora. Na taɓa ɗauko kaya daga Onne, tashar da ke kusa da ita, na kwana biyu tsakanin Aba da Inugu saboda lalacewar titi da shingayen karɓar na goro.

Malam Mai Tarihi, Bauchi:
Na yarda da kai, yallaɓai, sai dai har yanzu ina ganin mutuwar layin dogon ce ta fi cutar da mu, tunda tarago ɗaya na ɗaukar abin da tirela ke ɗauka ba tare da shinge ba. A watan Maris na 2021 gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Duk sanda na bi ta tashar jirgin ƙasa ta Bauchi nakan tsaya in duba dogon, ina tuna ƙarar jiniyar jirgin da muke rugawa kallo muna yara.