Wa ke da Hausar "dissident"?

Daren jiya a fadarmu, shayi na biyu bai sauka ba gardama ta kaure kan kalmar Faransanci ɗaya: dissident. Na kawo ta nan don masu Hausa su raba mu.

Wani malamin lakwal da ke cikinmu ya ce ɗan adawa ne, a rufe zance. Ban yarda ba. Adawa tana son jam'iyya da akwatin zaɓe. Daga 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kountché ya karɓi mulki, har rasuwarsa a 1987, babu jam'iyya ko ɗaya a ƙasar nan ta Nijar. To wanda ya ƙi tafi a lokacin, adawar wace jam'iyya yake yi?

Ɗan tawaye kuma, a kunnen ɗan Nijar, sai da bindiga da daji. 'Yan Sawaba ma, bayan an haramta jam'iyyarsu a 1959, sai a 1964 suka ɗauki makami. Dissident bakinsa ne kawai makaminsa, ko alƙalami, kamar Sakharov, masanin kimiyyar da Tarayyar Sobiyet ta tsare a garin Gorki a 1980.

Maci amana fa? Wannan sunan da mai kama-karya ke laƙaba masa ne, kuma nan ne gizo ke saƙar. Mun saba fassara loyauté da biyayya, alhali biyayya daban, riƙon amana daban. Bara yana biyayya don tuwo ko don tsoron bulala. Mai amana shi ne zai ce wa maigida "ranka ya daɗe, wannan hanya ba ta ɓullewa", ko da zai kwana a kaso. Mu 'yan Maradi bai kamata a koya mana wannan ba. Kakanninmu Katsinawa sun ƙi yi wa Sakkwato mubaya'a, suka biyo Ɗan Kasawa suka zauna nan. Can ana ce musu 'yan tawaye, su kuwa a ganinsu amanar gidan sarautarsu suka riƙe. Har yau Sarkin Katsina muke ce wa sarkinmu.

Ga tawa shawarar: ɗan ƙi-amshi. Kun san makaɗin fada da 'yan amshinsa, duk abin da ya rera sai su maimaita. Wannan bai bar dandali ba, bai fasa ganga ba, yana nan tsaye cikin jama'a, amma da aka zo amshi sai ya ja bakinsa. Ginin kalmar ma ba baƙo ba ne, muna da ƙi-gudu da ƙi-faɗi. Mace 'yar ƙi-amshi, jam'i 'yan ƙi-amshi.

Kawu, wanda ya yi samariya a zamanin Kountché, ya ce kalmar tana da gurgunta: ta kama ƙin, ta bar ƙishirwar 'yancin da ke sa mutum ƙin. Shi ɗan sawaba ya fi so, don sawaba ita ce sauƙin da mai ɗauke da kaya ke ji in an sauke masa. Na ce Kawu, Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba, ya riga mu ɗauke wannan, duk wanda ya ji zai zaci jam'iyya ake nufi. Ya yi dariya, ya ce a zuba masa na uku.

Mutanen Damagaram da na Katsina, yaya ƙi-amshi ta zauna a bakinku?