Zakaran da Allah ya nufa da cara: wai ya hana mutum jin tsoro ne?

Autar Gida: Salama 'yan'uwa. Sati biyu ke nan barci ya ƙaurace min ina jiran sakamakon gwajin asibiti, da na gaya ma yayata sai ta ce "zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi", na dai ce amin amma gaskiya gabana bai daina faɗuwa ba. Bangaskiya ce ba ni da ita ko karin maganar ce ba ta dace da ni ba?

Mai Ganga: Ni kam a wajen habaici na fi jin ta, mutum ya samu ƙarin girma ya yaɓa ma maƙiya. Ban taɓa ɗaukarta maganar lallashi ba.

Tsohon Malami: 'Yata, sake sauraronta da kyau. Ba a ce babu muzuru ba, ba a ce babu shaho ba, cewa aka yi ANA muzuru ANA shaho, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Kuma wane ɗan tsako ne zai ga inuwar shaho bai ruga ba? Dauda ma a Zabura 56:3 cewa ya yi in tsoro ya kama shi zai dogara ga Allah, lokacin kuwa Filistiyawa sun kama shi a Gat. Ga tsoro ga dogara a baki ɗaya.

Maman Biyu: Baba ka yi haƙuri, to wanda shaho ya sure fa? Ayyukan Manzanni sura 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a wannan surar dai mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku. Za mu ce Allah bai nufi Yakubu da cara ba ke nan? Shi ya sa ba na son a riƙa jefa ma mara lafiya wannan magana, in abu ya zo ba yadda ake so ba sai 'yan gida su ga kamar Allah ya yar da su.

Tsohon Malami: Kin yi tambaya. Sai dai cara ba tsawon rai ba ce a ganina, aikin da aka halicci zakara dominsa ne. Yakubu ya yi nasa. Abin da ya fi taɓa ni a surar, Bitrus barci yake tsakanin sojoji biyu, ɗaure da sarƙa biyu, sai da mala'ika ya buge shi a kwiɓi kafin ya farka.

Mai Ganga: Bitrus ɗin da tsoron wata baiwa ya sa ya yi musun Ubangiji fa! Kuma zakara ne ya tona shi, hhh.

Maman Biyu: Ai shi ne daga baya ya rubuta mu zuba dukkan damuwarmu a kan Allah don yana kula da mu, 1 Bitrus 5:7. Amma har yanzu Baba ina nan kan bakana, karin maganar ta wanda ya riga ya haye ce, wanda ke tsakiyar ruwa addu'a yake so da wanda zai zauna kusa da shi. Auta, in rashin barcin ya ci gaba ki gaya ma likita, ba zunubi ba ne.

Autar Gida: Na gode Mama, na gode Baba. Alhamis zan karɓo sakamakon, ku sa ni a addu'a. Yayata ta ce za ta raka ni.