Prednisolone ya sa ni ƙiba, sukari kuma ya hau

Maman Iman:
Salamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ɗora ni a kan prednisolone, wani maganin rage kumburi a jiki, saboda ciwon ƙoda. Kumburin ƙafa ya saɓe, alhamdulillahi, amma fuskata ta cika tim, zobena ma ya ƙi shiga. Yunwa kuwa ba a magana, cikin dare nake tashi neman ɗumame. Ga sukari ya fara hawa. In daina sha ne?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Don Allah kada ki yanke shi farat ɗaya. Idan aka daɗe ana sha, jiki yakan rage samar da nasa sinadarin cortisol, wanda maganin ke kwaikwayon aikinsa, yankewa lokaci guda na iya sa jininki ya faɗi ƙasa ki galabaita. Likitanki ne zai riƙa rage miki a hankali. Ki sha da safe bayan karin kumallo. Gwajin sukari kuma ki yi awa 2 bayan abincin rana, lokacin ne ya fi hawa. Na sassafe yakan fito daidai ya ruɗi mutum.

Baban Sadiq:
Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ni asma ce ta haɗa ni da shi. Na rage gishiri da ɗunƙulen miya, na bar lemon kwalba. Malmala guda ta isa, sai miyar ganye da yawa. Bayan la'asar ina ɗan tattaki.

Anti Nas:
Na manta, prednisolone yana rage ƙarfin ƙashi. Ki tambayi likita batun kalsiyam da bitamin D, tunda da ciwon ƙoda ba a sha da ka.