Wa aka taɓa dakatar da ɗansa daga makaranta a New York?

Maman Abba, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai ƙudurin dokar da aka daɗe ana kai wa majalisar jihar New York a Albany, sunansa Solutions Not Suspensions. In ya zama doka, dakatarwa ba za ta zarce kwana 20 ba, kuma yara 'yan aji uku zuwa ƙasa ba za a tura su gida ba sai a kan babban laifi. Ni abin ya taɓa ni. Abba yana aji biyu ya ture wani yaro a layin abinci, aka ba shi kwana uku. Aikin kula da tsofaffi nake yi, ba mai riƙe min shi, haka na yi asarar kuɗin kwana ukun. Shi kuwa yana kwance a kan kujera, wai hutu ya samu. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Baban Zainab, Yonkers:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana su. Mu takardar dakatarwa aka aiko mana, na sa hannu ban karanta ba, har yau ina nadama. Daga baya na gano shugaban makaranta kwana biyar kawai yake da ikon bayarwa. Fiye da haka sai an yi zaman sauraro, kuma uba na da damar yi wa shaidu tambaya. Ku nemi tafinta, kada kunya ta hana ku.

Malama, Harlem:
Yaya, ina taimaka wa malamai a aji, ku ji nawa. Wani yaro ya taɓa jefo kujera ta wuce ta gefen kan wata yarinya, na yini hannuna na rawa. Ina goyon bayan ƙudurin, amma in za a bar irin wannan yaro a makaranta, to a kawo ma'aikatan da za su zauna da shi. Mu kaɗai ba za mu iya ba.

Maman Abba:
Gaskiyarki Malama. Baban Zainab, tafintan da kanka ka nema ko su suka kawo?

Baban Zainab:
Da kaina, a rubuce. Washegari suka kira ni, da mai Hausa a kan layi.