Neman kalmar Hausa: guru (ba na ɗaurawa a ƙugu ba)

Maman Hanifa: Assalamu alaikum malamaina. Gobe ƙarfe goma zan naɗi shirin rediyo kan addinan Indiya, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Labarin wani malamin Hindu ne, Neem Karoli Baba, wanda ya mutu a Vrindavan a 1973. Mazauninsa na Kainchi, cikin duwatsun Uttarakhand, har yau cika yake yi maƙil duk 15 ga Yuni. Abin da ya ja hankalina, mabiyansa ba sa ganin zuwa gaban wani malami cin amana ne. Turawan da suka bi shi, irin su Ram Dass da ya haɗu da shi a 1967, sun je Bodh Gaya sun zauna gaban wani malami, Goenka, suna koyon zaman nutsuwa irin na mabiya Buddha, sun ziyarci wata malamar Hindu, Anandamayi Ma, suka dawo gida abinsu. Maganar Baban kullum "sab ek", wato duka ɗaya ne. Malamai biyu ne a wurinsu: sadguru, wanda ya riƙe ka har ƙarshe, da upaguru, duk wanda ka ƙaru da shi a hanya. To in na ce "guru" a rediyo, tsohuwa a Gezawa guru da laya za ta ji. A taimaka.

Ɗan Fagge: Shehi. Ki ce Shehinsu kawai, kowa ya gane.

Malam na Zaure: Hajiya, rabon nan ba baƙo ba ne. Malaman Sufaye irin su Zarruƙ sun raba shehin ta'alimi da shehin tarbiyya. Na farko ka sha karatu wurin ko nawa ka ga dama, na biyu ɗaya ne tal. Ki ɗora sadguru a kan na tarbiyya, upaguru a kan na ta'alimi. Sai dai ki lura, a Tijjaniyya sharaɗi ne kada muridi ya ziyarci waliyyan wata ɗariƙa don neman madadi. Mai sauraron da ya san haka zai ji "Shehi" ya ɗauka ƙofa a rufe take, alhali labarinki na buɗaɗɗiyar ƙofa ne.

Abu Sumayya: Subhanallahi. Mutumin da ke bautar Hanuman, abin bautar Hindu, za a kira Shehi? Ku ji tsoron Allah. Ki ce boka ki huta.

Maman Hanifa: Malam Abu, ba wa'azi zan yi ba, labari zan bayar. Shehi dai na cire shi, don ban shirya amsa wayar masu sauraro har la'asar ba. Amma boka ƙarya ce, ba magani yake sayarwa ba.

Baffa Tsantsa: Duk kun ɓata hanya. Shehi, ta'alimi, tarbiyya, muridi, ina Hausar take? Mu gudu daga Indiyanci mu faɗa Larabci? Indiyawan da kansu sun ce "gu" duhu ne, "ru" mai yaye shi. Saboda haka MAYAYI, daga yaye duhu. Jam'i mayaya. Shekara uku ina amfani da ita a aji.

Ɗan Fagge: Baffa, da girmanka, mun gudu daga guru ka kai mu gidan mayu. A rediyo wa zai bambance mayaya da mayu?

Yaya Talatu: Kuma "gu" da "ru" ɗin bayanin masu wa'azinsu ne. Asalin kalmar a Sanskirit, tsohon harshen Indiya, "mai nauyi" take nufi, kamar yadda muke cewa wane mutum ne mai nauyi. Ga wani abin da zai yi miki amfani, ƙanwata: a littattafansu akwai Dattatreya, wanda aka ce malamansa 24, har da ƙasa, iska, kudan zuma, mesa da gizo-gizo. Daga ƙasa ya koyi haƙuri, ana taka ta ba ta ramawa. Kin ga upaguru ba lallai ya zama mai zaure da buzu ba, shehin ta'alimi ya yi masa ƙunci. Kuma ba duk Hindu ne haka ba, akwai gidajen da ke kishin mabiyansu sosai. Ki ce mabiyan wannan malamin ne haka.

Baffa Tsantsa: To mayayi ya ɗauke gizo-gizon ma. Matsalarku ku 'yan Kano, duk kalmar da ba ta bi ta Kurmi ba ba Hausa ba ce.

Ɗan Damagaram: Ai mu nan ko kalmar kirki muka kawo sai a ce Hausar Nijar ce, a yi dariya. Ni na ce jagora.

Ɗan Fagge: Jagora ai na makaho ne da na 'yan siyasa.

Ɗan Damagaram: Ka ji irinta ko.

Baffa Tsantsa: Ni da na yi shekara talatin ina koyar da nahawu, yaron da bai san ɗafa-ƙeya ba shi ne zai yi min dariya. Sifar ma-…-i sahihiya ce: marubuci, maɗinki, mahauci, mayayi. Ku nuna min inda na karya ƙa'ida.

Malam na Zaure: Ba ka karya ba, Baffa, kunne ne ya ƙi. "Aji" da "nahawu" ɗin ma ka duba asalin na biyun.

Abu Sumayya: Ni har yanzu ban ga dalilin yi wa Musulmi shiri kan wannan ba.

Yaya Talatu: Shekara nawa muna kallon finafinansu, muna ganin ana taɓa ƙafar tsoho mai gemu, ba mu san me ake yi ba? Mu koma kan tambaya, yarinya na da aiki gobe. Ni na ce uban ɗaki. Ɗan kasuwa uban ɗakinsa ɗaya ne, amma yana shiga rumfar kowa ya koyi ciniki, ba wanda zai ce ya yi butulci. Sadguru uban ɗaki, upaguru malamin kan hanya.

Malam na Zaure: Uban ɗaki na warin kuɗi. Sai an ce uban ɗakinsu a addini.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri. Ga yadda na rubuta: "Malaminsu na asali, wanda suke kira guru da harshensu, ba irin namu na ɗaurawa ba, shi ne uban ɗakinsu a addini. Sauran kuwa malaman kan hanya ne." Daga nan sai in ci gaba da malamin asali da malaman kan hanya. Saura mabiyan: almajirai ko mabiya?

Ɗan Damagaram: Mabiya. Kika ce almajirai za a hango Ram Dass da ƙoƙo.

Baffa Tsantsa: Malami ma Larabci ne. Amma ku yi yadda kuka so. "Kan hanya" dai Hausa ce, wannan na yarda. Mayayi kuma tana nan a allona, ɗalibaina sun saba da ita.

Ɗan Fagge: Hajiya, wane mita ce tashar? In kunna wa Baffa.